Kwikwiyata tana yoyon fitsari, don Allah a ba ni shawara

Baban Amir: Salam 'yan uwa. Tun da ɓarayi suka haura mana katanga da damina, suka kwashe janareto da batirin sola har da tukunyar gas ɗin Maman Amir, ban ƙara barcin kirki ba. Shi ne na sayo kwikwiya, ruwa biyu ce da irin karen nan da ake kira Labrador. To kullum bayanta a jiƙe yake, ko barci take yi fitsari na ɗiga, cinyoyinta duk sun saɓule. Sau biyu ana ba ta maganin ƙwayoyin cuta, wari ya ragu, yoyon bai tsaya ba. Uwargida ta ce ko ita ko karya.

Hajiya Ladi: Gaskiyarta. Najasa a tsakar gida, ga yara na rarrafe? Karen maƙwabcinmu ma ya hana mu shanya, shekara biyu muna kai ƙara wurin mai unguwa.

Malam Sani: Watanta nawa? Tana tsugunawa ta yi fitsari kuma? Da alama dai da shi aka haife ta. Bututun da ke ɗauko fitsari daga ƙoda ne ya tsallake mafitsara, ya buɗe can ƙasa, sai ya riƙa zuba ba birki. An fi ganinsa a mata, kuma Labrador na cikin irin da aka san su da shi. Magani yana kashe ƙwayoyin cutar da suka biyo baya ne kawai. Ka kai ta asibitin koyarwa na dabbobi na ABU Zariya, a gwada fitsarin, a yi hoton ƙoda da mafitsara.

Ɗan Auta: Sanyi ne kawai, ka rage mata ruwa da dare.

Malam Sani: Kul! Ka hana ta ruwa ka lalata ƙodar? Aiki ne maganinsa, a mayar da bututun cikin mafitsara. Wasu ma bayan aikin yoyon ba ya ɗaukewa duka, sai an haɗa da magani.

Baban Amir: Malam, likita ne fa ya duba ta, ba ɗan kemis ba. Kuma wanda ya sayar mini mutumin kirki ne, tare muke sallah.

Ɗan Auta: Wai ma Labrador za ta yi gadi? Ɓarawon za ta raka har ƙofa tana kaɗa wutsiya.

Baban Amir: Tana haushi sosai. Bari in ga ƙarshen wata, ƙila in ta girma ya tsaya.

Malam Sani: Har yanzu ba ka faɗi watanninta ba.