Neman shawara: Baba zai iya tafiyar Magome zuwa Tsumago?

Baban Iman: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karatu a Nagoya, ƙasar Japan, mahaifina zai zo mana ziyara a watan Nuwamba. Shekararsa 67, da ƙarfinsa, sai dai gwiwar dama na ɗan damunsa in ya daɗe a tsaye. Ya ga hoton tsohuwar hanyar nan ta Nakasendo mai daɓen dutse a cikin daji, ya kafe sai ya taka ta da ƙafarsa daga garin Magome zuwa garin Tsumago. In kai shi, ko in lallashe shi mu tsaya yawon gari?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Kai shi, amma ka fara daga Magome, kada ka yarda ka fara daga Tsumago. Tsakaninsu kusan kilomita 8 ne. Magome ta fi Tsumago tudu, don haka hawan da za ku yi zuwa ƙololuwar hanyar, mai tsayin wajen mita 800 daga matakin teku, gajere ne, sauran duk gangara. Daga Nagoya jirgin ƙasa za ku hau zuwa Nakatsugawa, sannan bas ta kai ku Magome.

Maman Hanif: Malam Sani, gangarar ce fa abin tsoro ga mai ciwon gwiwa, ta fi hawa cin ƙafa. Duwatsun nan ba a goge suke ba, kowanne da nasa doro, kuma inda itatuwa suka rufe rana gansakuka ta kama su. In an yi ruwa da daddare, santsinsu kamar an zuba miyar kuɓewa. Ni a watan Yuni na je, lokacin daminarsu, rabin hankalina na kan ƙafata, ban ma ƙoshi da kallon dajin ba. Ƙanena, ka saya wa Baba sanduna biyu na tafiya da takalmi mai kama ƙasa. In ka ga hasashen ruwa, ku ɗaga tafiyar kawai.

Injiniya: Gyara kaɗan. Ba duk hanyar ce daɓen dutse ba, wani wurin turɓaya ce, wani wurin ma kwalta za ku tsallaka. Nakasendo hanya ce ta zamanin Edo da ta haɗa Kyoto da Edo, wato Tokyo ta yau, mai zango 69. Tsumago zango na 42, Magome na 43. In daɓen Baba ke so ya gani, doguwar shimfiɗar tana tsakanin Ochiai da Magome, kusan mita 840, ta ɗaya ɓangaren Magome. Wannan kaɗai ta isa ta kashe masa ƙishin. Wataƙila ma hoton can ya gani.

Baban Iman: To batun beyar fa? An ce akwai su a dajin.

Malam Sani: Akwai. Shi ya sa aka kafa ƙararrawa a wurare da dama a bakin hanya, kana zuwa ka kaɗa ka wuce. Abin da ya fi damuna duhu ne: a Nuwamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 5, a cikin kwari kuma tun kafin nan gari ya yi duhu. Masu sauri awa 3 ta ishe su, da dattijo ka ware 5, ku fita da sassafe. Bayan ƙololuwar akwai tsohon gidan shayi inda ake hutawa, Baba ya miƙe ƙafa a nan.

Maman Hanif: Ku tafi da guzurinku. Romon taliyar soba yawanci da mirin ake haɗa shi, giyar shinkafa ce. Ka saka darduma a jaka, ka kuma duba lokacin bas ta ƙarshe daga Tsumago zuwa tashar Nagiso.

Baban Iman: Allah ya saka da alheri. Ranar farko zan gwada shi a daɓen Ochiai, in gwiwar ba ta yi ƙorafi ba sai mu sa ranar doguwar. Yaya Maman Hanif, wane irin sanda kika saya?