Na'urar oksijin daga Amurka tana zafi tana kunna fitilar gargaɗi, ina mafita?

Salamu alaikum. Ina neman taimakon masu gyaran kayan asibiti.

Ƴan sa-kai na mishan Katolika da suka zo aikin jinya nan Damagaram sun bar wa ƙaramin asibitinmu na'urar tace oksijin mai lita 5 a minti. A jikinta an rubuta volt 120, hertz 60 (hertz shi ne yawan jujjuyawar wuta a daƙiƙa), wutarmu ta Nijar kuwa 220 ce, hertz 50.

Mun haɗa ta da taransifoma mai wat 1000, muka auna, volt ya fita daidai. Tana tashi lafiya lau. Amma kafin rabin awa sai bayanta ya yi zafi har hannu ba ya iya daɗewa a kai, ƙarar kwamfuresa (injin matsa iska na cikinta) ta yi nauyi, sannan fitila mai ruwan ɗorawa ta kama, alamar ƙarfin oksijin ya faɗi. A lita 2 takan ɗan jure, a lita 4 ko 5 ba ta ɗaukar lokaci.

An wanke soson tace ƙura da ƙurar hunturu ta toshe, ya bushe sarai kafin a mayar. An janye ta daga bango, an sa mata fanka, an gwada da injin wuta. Duk kanwar ja ce. Ga yara masu ciwon haƙarƙari, cika tulun oksijin kuma tsada.

Tambayata: bambancin hertz ne ke jawo wannan, har inbata (na'urar sauya wuta) mai ba da volt 120 da hertz 60 ta warware shi, ko tulunan ziyolait na ciki, masu tace oksijin daga iska, ne suka sha laima sai an canza su?

Na gode.