Wa ya taɓa kallon The Aristocats tare da yara?

Maman Hanif: Salamu alaikum. Jiya na kunna wa yarana katun ɗin magen nan na Disney na 1970. Ba mu kai rabi ba autata ta ce, "Mama, dama mage tana cin gado?" Ta ga attajirar nan ta Paris ta yi wasiyya cewa dukiyarta ta magenta Duchess ce da 'ya'yan magen uku, sai bayan ransu baranta Edgar zai samu. Na rasa amsa. Ku yaya kuka ƙare da naku?

Baban Zee: Wa alaikumus salam. Nawa babban bayan Edgar ya bi, wai mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bauta, sannan a fifita mage a kansa. Na ce to zuba musu maganin barci a madara ya jefar da su bayan gari fa? Ya yi shiru. Daga nan muka gangara kan cewa a Musulunci wasiyya ba ta wuce sulusi, har fim ɗin ya ƙare ba mu sani ba.

Anti Rabi: Ni a kaset na fara ganinsa. Abin da ya ba mu dariya shi ne akwatin da Edgar ya shirya zai aika magunan Tambutu, ƙarshe shi aka rufe a ciki. Su a wajensu Tambutu ce ƙarshen duniya, ga ta nan Mali.

Sadik Mai Zane: Ɗiyata cewa ta yi zanen bai gamu ba. Ta lura da layukan fensir da ke rawa a jikin magunan. Ba kuskure ba ne, a lokacin na'urar Xerox ke kwafe zanen hannu kai tsaye, ba a sake binsa da tawada. Ni haka ya fi burge ni, kana ganin hannun mai zanen. Walt Disney ya amince da aikin amma ya rasu a Disamba 1966, Wolfgang Reitherman ne ya ba da umarni.

Ummi: Wajen kiɗan jaz muka fi maimaitawa. Sai dai magen da ke buga fiyano da tsinken cin abinci, ba'a ce ake yi wa mutanen Sin, dole na tsaya na yi musu bayani.

Maman Hanif: Na gode muku. Yau autar ta raɗa wa magen maƙwabta suna Marie, sunan 'yar Duchess, ta ɗaura mata ƙyalle ruwan hoda a wuya. Ko minti biyu bai yi ba ta yage shi ta haye katanga.