Bonsai ɗina mai sanda huɗu ya zama kamar tsintsiya, wacce zan sare?

Bakano_a_Jidda:
Salamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masu harkar shuke-shuke ku taimaka min. Wajen wata 8 kenan na sayi wata 'yar bishiyar bonsai, irin wadda ake rainonta ƙarama a tukunya, a wani mashtal (wajen saida shuke-shuke) nan Jidda, ficus ce mai ƙananan ganye, dangin cediya dai, in ka karya ganyen farin ruwan nan mai danƙo yake fitowa. Abinda ya ja ni sanda huɗu ta fito daga gindi ɗaya, nace ai wannan tafi mai sanda ɗaya kyau. Toh yanzu tayi ganye ta cika amma wlh in ka kalleta kamar an kafa tsintsiya a tukunya, sandunan duk kaurinsu ɗaya tsayinsu ɗaya, biyun tsakiya ma rassansu sun sarƙe da juna. Uwargida cewa tayi ɗaurin alayyahu na kawo mata da tsada.

Tambayata, in sare wasu ne ko in barsu? Sannan a falo na ajiyeta kan teburin talabijin, mukayyif (AC) na samanta, kwanan nan ganye ya fara yin rawaya yana zuba.

Tsohon_Mashtal:
Wa alaikumus salam ɗana. Na daɗe ina aikin mashtal a Ɗa'if kafin gwiwa ta zaunar da ni, bari in faɗa maka ɗan abinda na sani.

Irin taka Japanawa suna kiranta kabudaci, wato sanduna da yawa daga gindi ɗaya. In biyu ne sokan, in uku ne sankan. Ita wannan sana'ar daga Sin suka ɗauko ta suka yi mata ƙa'idoji, kuma a mai sanda da yawa babbar ƙa'idar ɗaya ce: kada a samu biyu da suka yi kai ɗaya. Ka ɗauke ta kamar gida, akwai maigida, shine mafi kauri mafi tsayi, sai mai bi masa, sai ƙaramin yaro. Gidan da kowa maigida ne ai ka san yadda yake ƙarewa, shine tsintsiyar da kake gani.

Kada ka taɓa almakashi tukuna. Ɗora tukunyar kan kujera daidai idonka, kayi ta juyata a hankali har ka samu ɓangaren da saiwoyin gindi suka fi bajewa a kan ƙasa kuma kana ganin kowace sanda daban, babu wadda ta ɓuya bayan 'yar uwarta. Nan ne fuskar bishiyar, soka tsinken ashana a ƙasa don kar ka manta. Daga nan cikin biyun tsakiyan nan da suka sarƙe, wadda ta tare maka gani ita zaka cire tun daga gindi, ka rage uku. Wadda tafi ƙarfi ka bar mata ganye da yawa, kar ka dinga aske ta, ganye ne ke sa sanda kauri. Ta biyu ka rage mata tsayi ta dawo kamar kashi biyu cikin uku na babbar, ta ukun ta fi haka gajarta. Duk reshen da ya nufi ciki tsakanin sanduna ka cire shi, kowacce ta miƙa rassanta waje inda haske yake, amma in ka ja baya ka hango samansu ya zama kai ɗaya mai kusurwa uku, ba lema uku ba. Kuma reshe mafi ƙasa a jikin ƙaramar yake fitowa, ita babbar nata rassan sai can sama da kan ƙaramar.

Wayar lanƙwasa reshe kuma ta alminiyom zaka samu, kaurinta kamar kashi ɗaya cikin uku na reshen, ka naɗa a karkace ba kamar mai ɗaure buhu ba. Ficus saurin kauri gareta a zafin Jidda, in ka manta da wayar sai ta nutse cikin ɓawo ta bar tabon da zai yi shekaru, ka dinga dubawa duk sati biyu. Ni na taɓa lalata wata haka, na tafi aikin Hajji na dawo na tarar waya ta shige jiki, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Maman_yan_biyu:
Baba ya gama magana kan yanka. Ni dai ganyen nan da ke zuba ne ya dameni, Malam ka ɗauke ta daga ƙarƙashin mukayyif yau ba gobe ba. Busasshiyar iskar nan ce da rashin haske. Tawa jahannamiyya ce (bougainvillea) mai sanda uku nan Makka, a baranda take kwana take wuni inda ranar safe ke samunta, da rani nake sa mata rumfar raga saboda ranar azahar ɗin nan ko mutum bata bari balle ƙasa 'yar cikin kasko. Sai in zan yi baƙi nake shigo da ita, kwana 2 ko 3 ta koma waje.

Kuma kar ka sare ta tana cikin wannan halin, bari ta murmure ta fito da sabon toho tukun. Wajen ajiyewa kuma teburin talabijin ba wurinta bane, ga waya ga rimot ga hoto na motsi a baya wa zai ganta? Nemi bango fari wanda ba komai a jikinsa, ɗan teburi na katako mai duhu, tsayin ya zama in mutum na zaune a majalisi tsakiyar bishiyar na daidai idonsa. In ta karkata dama ka ajiye ta ta hagu, ta samu fili a gabanta.

Dalibi_Madina:
Ni tambaya gareni Baba, naji ance dalilin da yasa Japanawa basa son huɗu wai don kalmar huɗu a yarensu tana kama da kalmar mutuwa. In haka ne ai camfi ne, mu meye namu a ciki? Ya bar abarsa huɗu mana.

Tsohon_Mashtal:
Gaskiyarka malam ƙarami, kalmar "shi" ce, tana nufin huɗu tana kuma kama da mutuwa, wannan nasu ne bamu da ruwa da shi. Amma ni ba don shi nace ya cire ba. Ido ne, in ya ga huɗu sai ya raba su biyu-biyu kamar sojoji a fareti, in ya ga uku ko biyar baya iya rabawa sai ya gansu abu ɗaya. In sun yi yawa kuwa ba mai tsayawa ƙirge. Akwai wata shahararriya a Washinton ta Amurka, Goshin, wadda wani gwanin bonsai John Naka ya haɗa ya bayar a 1984, bishiya 11 ce a kasko ɗaya, kowacce a madadin jikansa guda, wato shi ma adadin jikoki ya bi. Da ɗan nan sandunansa huɗu sun bambanta a kauri da sai ince ya bari. Matsalar tasa biyu sun sarƙe.

Na manta ban faɗi tukunya ba. In lokacin canji yayi, wajen watan Maris kafin zafi ya kankama, ka fitar da ita daga mai zurfin nan ka sa ta a kasko mai faɗi mai siffar ƙwai, da huji a ƙasa, ƙasar a gauraya da tsakuwar dutsen wutan nan da ake saidawa a mashtal don ruwa ya dinga wucewa. Kuma kada ka dasa ta a tsakiya cif, ɗan gusa gefe.

Bakano_a_Jidda:
Allah ya saka da alheri Baba, Hajiya nagode. Na fitar da ita baranda tun jiya da la'asar. Na kuma yi juyin nan kan kujera, ashe ɓangaren da na jingina da bango duk wata takwas ɗin nan shine fuskar, akwai wata saiwa mai kauri kamar yatsa da ban taɓa lura da ita ba. Na ɗaura jan zare a jikin wadda zan cire, uwargida tace ba ita ba ta kusa da ita, to yanzu zare biyu ne a jiki. In sabon toho ya fito zan turo hoto Baba ya raba mana gardama.