Matasan unguwa masu taimakon kashe gobara: wane horo ya dace da su, kuma sau nawa za a maimaita shi?

Ɗan Bagalam:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Hunturu ya kusa, kuma kowa ya san abin da yake zuwa da shi a Maradi: iska mai ƙarfi, zana da rumfuna sun bushe ƙayau, ga wutar jin ɗumi cikin ɗakuna. A unguwarmu akwai matasa kamar 20 da suka haɗa kansu domin su riƙa kai ɗauki in gobara ta tashi kafin ƴan pompiye su iso. Niyya akwai, sani ne babu. Wasu na cewa a tara kuɗi a shirya babban taron horo na kwana 3 a ba kowa takardar shaida, wasu na cewa a sayi tukwanen kashe wuta tukuna. Masana, me ya kamata a fara koya musu, wa zai koyar, kuma bayan taron me za a riƙa yi don kada abin ya bi ruwa?

Tsohon Pompiye:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya saka wa yaran nan da alheri. Taron kwana 3 yana da kyau, amma kada kuɗin duka ya ƙare a kansa. Abin da mutum ya ji da kunne a zaure, bayan wata 6 in ya ga harshen wuta ya kai rufin ɗaki ba zai tuna shi ba. Hannu ne ke tunawa, kuma hannu ba ya koyo sai da maimaici. Ku yi taron kwana 2, sauran kuɗin ku ajiye don atisaye na awa 2 kowane wata.

Darasin farko shi ne sanin iyaka. A Nijar ƴan pompiye sojoji ne, suna da motar ruwa, da tufafin da wuta ba ta saurin ci, da tukunyar iskar numfashi. Ɗan sa-kai na unguwa ba shi da ko ɗaya. Aikinsa yana cikin mintunan farko ne: ya kira 18, lambar ƴan pompiye, ya fitar da mutane, ya yanke kuran, wato wutar lantarki, ya kashe wutar in ƙarama ce, ya buɗe wa mota hanya. Shiga ɗakin da hayaƙi ya cika ba aikinsa ba ne. Galibin waɗanda ke mutuwa a gobarar cikin gida hayaƙi ne ke kashe su tun wuta ba ta taɓa su ba, kuma jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci ba ya tace gubar da ke cikinsa.

Kiran 18 ma sai an koya. Mai kira ya faɗi unguwa da wata alama da direba zai gane, kamar masallaci ko lakwal ko gidan mai, sannan abin da ke ci, ko akwai mutum a ciki, ko akwai butalin gaz ko bidon ɗin esansi a wurin. Kada ya kashe waya sai an sallame shi. A tura yaro da moto ya tsaya bakin kwalta ya jawo motar, don lungunan tsofaffin unguwanninmu na cinye lokaci fiye da nisan hanyar.

Sai tukunyar kashe wuta. Wadda ta fi dacewa da unguwa ita ce ta hoda mai kilo 6, wadda aka rubuta ABC a jikinta: A na abu mai barin garwashi kamar katako, zana, tufa da katifa, B na mai kamar esansi da gazuwal, C na gaz. Abin da mutane ba su sani ba, tukunyar nan daƙiƙa 10 zuwa 15 kawai take yi ta ƙare. Wanda ya fesa ta a saman harshen wuta ya yi asararta. A zare ƙusar tsaro, a gwada fesawa sau ɗaya a ƙasa, a tsaya nisan mita 3 zuwa 4 iska na bayan mutum, a nufi gindin wutar ana sharewa hagu da dama. Ƙofa kullum ta kasance a bayanka. Ta CO2, mai baƙin baki kamar mazurari, ta kayan lantarki ce, ana matsowa kamar mita 1, kuma ba a riƙe bakin da hannu tsirara don sanyinsa na ƙona fata. A fili mai iska ba ta da wani ƙarfi.

Kowane ɗaya cikin yara 20 ɗin nan sai ya kashe wuta ta gaske da hannunsa aƙalla sau ɗaya a shekara. A yanka ganga gida biyu, a zuba ruwa a ƙasa, a ɗora gazuwal kamar lita 2 a sama, a fili nesa da rumfa, mai koyarwa na tsaye da tukunya 2 na ko-ta-kwana. Kada a yi da esansi, tururinsa ke kamawa tun kafin ashana ta kai gare shi. Don rage tsada a yi amfani da tukwanen da lokacin sake cika su ya zo, daga nan a kai su a cika. Tukunyar da aka matsa ko sau ɗaya, ko da hoda ta saura, iskarta za ta zurare cikin ƴan kwanaki, sai an sake cikawa. Duk wata a duba allurar awon iskar tukunyar tana kan kore, a kife tukunyar a jijjiga ta, don hodar na dunƙulewa in ta daɗe a zaune.

Hajiya ta Agaji:

Baba Tsohon Pompiye ya yi bayani, Allah ya ƙara lafiya. Ni dai roƙona kada a bar taimakon gaggawa a baya, a ba shi yini guda cur cikin taron. Croix-Rouge ta Nijar tana da reshe a Maradi kuma koyar da wannan aikinta ne, ku je ku nemi mai horarwa.

Ƙuna ita ce aka fi ɓatawa a gidajenmu. Ana shafa man goge haƙori, ɗanyen ƙwai, man gyaɗa, har da toka. Duk waɗannan suna riƙe zafi cikin nama, suna kuma sa ciwon ya ruɓe, sannan a likita sai an kankare su kafin a fara magani. Abin yi shi ne ruwa mai tsabta, na famfo ko na randa, a riƙa kwarara shi a hankali kan wurin minti 20. Ban da ƙanƙara. A cire zobe da awarwaro da agogo tun wurin bai kumbura ba. Tufar da ta manne da fata ba a jan ta, a yanka kewayenta a bar ta. Kada a fasa bororo. A rufe da tsabtataccen ƙyalle marar gashi. Tafin hannun wanda ya ƙone, haɗe da yatsu, kusan kashi 1 cikin 100 ne na fatar jikinsa, da shi ake kimantawa. Ƙunar da ta kama fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, ko ta yaro ƙarami, ko ta lantarki, likita kai tsaye. Yaro kuwa in ƙunar na da faɗi a kula kada ruwan ya sa shi rawar sanyi, a sanyaya wurin ƙunar kawai a lulluɓe sauran jikin.

Wanda tufarsa ta kama, kada ya ruga, gudu hura wutar yake. A kwantar da shi a mirgina, ko a lulluɓe shi da bargo ko zanen auduga. Wanda aka fitar daga hayaƙi a sume amma yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe ɗaya, baki na kallon ƙasa. In ba ya numfashi, danna ƙirji 30, hura iska 2, ana dannawa 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babba. Wannan ba a koyonsa ta waya, sai a kan mutum-mutumin roba, kuma a sabunta shi kowace shekara.

A sa mata cikin horon nan. Wutar madafa a gabansu take tashi. Mai suyar ƙosai ko wainar da kaskonta ya kama, in ta watsa ruwa, lita 1 na komawa tururi kusan lita 1700 nan take, ya yi tsalle da man mai ci ya watsa mata a fuska. A kashe murhun, a rufe kaskon da murfi ko jiƙaƙƙen buhun algarara da aka matse sosai, a bar shi a wurin har ya huce. Ba a ɗaukar sa a fita da shi.

Mai Gyaran Kuran:

Ina tare da Baba, sai dai a wuri guda. Tukunyar hoda ba ita ce abin fara saye ba a ganina, don wutar zana da kara ta fi ƙarfinta: tana kwantar da harshen, garwashin na nan, iska ta sake hura shi. Kuɗin tukunya 2 zai sayi bokiti 20 masu lita 10, shebur, gatari, da ƙugiya mai doguwar ƙota ta janye zana. A ajiye ganga 2 na ruwa da tarin yashi a wurin da kowa ya sani. A koyi jerin bokiti: layi biyu, ɗaya na kai cikakku ɗaya na maido da wofi, tsakanin mutum da mutum tsawon hannu, kuma kada a cika bokitin fal don rabinsa zai zube a hanya. Sau da yawa dabarar da ke ceton unguwa ita ce a kayar da darni da rumfar da ke gaba da wutar ta ɓangaren da iska ke nufa, a jiƙa su, wuta ta iso ta tarar babu abinci. Mai rumfa zai yi gardama, shi ya sa ake son mai unguwa ya sanar da jama'a tun kafin ranar.

Ba mu manta da 8 ga Nuwamba 2021 ba, ranar da azuzuwan zana suka kama a wata makarantar firamare a nan Maradi, yara aƙalla 25 suka rasu, watanni kaɗan bayan irin ta a Yamai a watan Afrilu. Allah ya jiƙansu. Ajin zana mintuna kaɗan yake yi ya cinye, babu motar da za ta riske shi. Don haka atisayen fitar da yara a makarantun boko da na allo ya shiga cikin jadawalin: ƙofa biyu ga kowace rumfa, tazara tsakanin rumfuna, wurin taruwa guda, malami ya ƙirga yara da rajista. A riƙe agogo a auna, a maimaita har lokacin ya ragu.

A fannina kuwa, kowane ɗan ƙungiya ya san inda dizonktar, babban makunnin da ke yanke kuran, yake a gidajen layinsu da shagunan kasuwa. Ba a zuba ruwa sai an yanke kuran. Wayar da ta faɗo ƙasa a ɗauka tana da wuta, a ja baya mita 10, a hana mutane matsowa, a kira NIGELEC, kamfanin wutar lantarki. Farantin sola yana ci gaba da ba da wuta muddin akwai rana ko an kashe komai a gidan. Butalin gaz mai yoyo: kada a taɓa makunnin fitila, a rufe kan butalin, a buɗe ƙofofi, a tuna gaz ɗin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Ana neman yoyo da ruwan sabulu, ba da ashana ba. In butalin yana tsakiyar wuta ya yi zafi, kowa ya yi nisa ya fake bayan bango, don fashewa yake yi. Teburin ƴan ruwa-ruwa, masu sayar da esansi a bakin hanya, in ya kama kuma yashi ko hoda, ruwa yaɗa esansin yake yi. Haka in sitarni, motar dakon mai, ta kife, aikin ƙungiya shi ne korar masu zuwa ɗibar mai da bidon, don wadda ta kife ta fashe a Yamai a watan Mayu 2019 ta ci rai fiye da 50.

Ɗan Bagalam:

Na gode ƙwarai iyayena. To ta ina za mu fara neman masu koyarwa, kuma yaya za a tsara watannin?

Tsohon Pompiye:

Maganar bokiti da ƙugiya gaskiya ce, Malam, a fara da su, a ƙara tukunya ko 2 saboda mai da gaz.

Ƙanena, ku rubuta takarda da sa hannun mai unguwa, ɗaya zuwa ma'aikatar magajin gari, ɗaya zuwa ga kwamandan ƴan pompiye na Maradi, ku nemi a ba ku mai koyarwa da izinin ziyarar bariki. Amfanin haka biyu ne: ana koya muku daidai, kuma ranar gobara sun san fuskokinku, ba za a kore ku tare da ƴan kallo ba. In sun iso, umarni ya koma hannunsu. Shugaban ƙungiya ya tarbi shugaban motar ya gaya masa abin da ke ci, wa ya ɓace, an yanke kuran ko ba a yanke ba, sannan yaranku su koma tsare taro da hana kowa taka tiyo.

Jadawali ya bi yanayi. Oktoba da Nuwamba, kafin hunturu ya kankama: wutar zana, jerin bokiti, atisayen makarantu. Disamba da Janairu: zagayen gida-gida kan wutar jin ɗumi da gawayi cikin rufaffen ɗaki, wanda ke kashe mutum yana barci ba tare da gobara ba. Ranar 1 ga Maris ita ce ranar kare fararen hula ta duniya, ta dace da babban atisayen shekara da wuta ta gaske. Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40 kuma fanka da firiji ke ɗora wa wayoyi nauyi: lantarki da gaz, da koyon musanya masu aiki duk minti 15 zuwa 20 ana ba su ruwa. Damina: taimakon gaggawa, da ambaliya da rushewar gini.

A riƙe littafi guda, a rubuta wanda ya zo da abin da ya yi da hannunsa. Wanda ya rasa atisaye 3 a jere ya koma layin bokiti sai ya rama. Ranar atisaye kowa ya zo da rigar auduga mai dogon hannu da takalmi rufaffe, rigar ƙwallo ta roba narkewa take yi ta manne da fata. Bayan kowace gobara ta gaske, ku zauna cikin kwana 2 ku bi ta daki-daki: ƙarfe nawa aka kira 18, ƙarfe nawa mota ta iso, me ya tare hanya, wace ganga aka tarar babu ruwa. Abin da ya fito daga zaman nan shi ne darasin atisayen wata mai zuwa.