Shawarwarin Iyaye a Gombe Kan Damuwar Yara Masu Ɗauke da Ƙanjamau

Iyaye da ma'aikatan lafiya a Gombe da suka tattauna batun sun fi daɗewa kan lokacin gaya wa yaro gaskiya cewa yana ɗauke da cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sanar da shi kafin ya cika shekara 12, a hankali, daidai da fahimtarsa. Yaron da ya ji a bakin 'yan unguwa yakan ƙi shan magani, kuma ni dai ban ga laifinsa ba. Idan ya daina cin abinci, barci ya gagare shi, ya guji abokai, kada a ce shagwaɓa ce ko aljanu. A faɗa wa likita, domin maganin ƙanjamau mai suna efavirenz shi kansa yana iya rikita barci. Wanda ya ambaci mutuwa kuwa, a kai shi asibiti ranar.