Za a fara gwada fitsarin direbobi a wurin aikinmu, ina neman shawara

Direban Gumel:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni direban tirela ne, gidana yana wani ƙauye kusa da Gumel. Shekarata 14 ina ɗaukar shanu daga kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis zuwa Legas. Makon jiya maigidanmu ya tara mu, ya ce daga wata mai kamawa ba wanda zai tayar da mota sai ya busa na'urar gano giya, kuma za a riƙa karɓar fitsarinmu ba sanarwa. Wanda aka samu da ƙwaya ya ajiye makulli.

Giya dai tun da uwata ta haife ni ban taɓa kai ta baki ba, ko a jikina. Abin da ya hana ni barci shi ne, bara na zamo daga saman bodi a Mokwa na bugu a baya, likita ya rubuta min tramadol mai lamba 50. Har yau idan bayan ya matsa nakan sha. Zai fito a fitsarin? 'Ya'yana 7, ga mahaifiyata a hannuna, ba ni da wata sana'a sai wannan sitiyarin.

Ma'aikacin lafiya, Ringim:
Wa alaikumus salam Malam. In dai tramadol na cikin abubuwan da suke nema, zai fito, don yakan yi kwana 2 zuwa 4 a fitsari. Wiwi ma ta fi shi daɗewa, mai shan ta kullum takan kai masa wata guda. Kada ka jira ranar gwajin. Ka koma wurin likitan ya ba ka takarda mai hatimin asibiti, ka kai wa maigidanka da ƙafarka. Mai 50 da mai 100 su ne hukumar kula da ingancin magunguna ta NAFDAC ta yarda da su, mai 225 da ake sayarwa a ɓoye a tasha shi ne hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ke kamawa. Sai dai fitsari ba ya nuna wanne ka sha, takardar ce shaidarka.

Amma gaskiya ɗaya ce, ko na likita ne yana kawo gyangyaɗi da jiri, bai dace da mai jan tirela ba. Shekara guda kana shansa, ya kamata a sake duba bayan nan a canza maka magani. Wani abu kuma, ɗan tsinken da ake tsomawa a fitsari yakan yi kuskure. Maganin tarin fuka ma yana iya sa ya nuna kamar mutum ya sha ƙwaya. Ku roƙi maigidan ya yarda duk wanda tsinke ya kama a kai fitsarinsa ɗakin gwaji a tabbatar kafin a sallame shi.

Baba Tsohon Direba, Wudil:
Ɗana, ni na ajiye mota, amma shekara 31 na yi a hanyar nan. Ba na ƙin gwaji. Tambayata, me ke kai yaro ga ƙwaya tun farko? Ka loda shanu da yamma, dillalai na zaune a kan bodi suna buga maka mota kada ka tsaya, don in saniya ta kwanta sauran su tattake ta. Ka bi Tegina, ka ƙetare gadar Jebba, ka wuce Ilori da Ogbomosho, ido biyu. A zamaninmu goro ne da baƙin shayi, sai gadagi ya shigo, sai ƙwaya. Da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 yaran ba su daina ba, wani abin suka koma. Mai motar da ke son gwaji ya sa direba biyu a mota, ya daina zaftare kuɗin wanda ya tsaya ya runtsa. Ku faɗa masa haka, ku je da shugaban ƙungiyarku.

Maman Khadija:
Baba, ka yi haƙuri in sa baki. Ƙanina yaron mota ne, shekararsa 19. Direbansa ya haɗiyi ƙwaya ya kwana biyu bai runtsa ba, da asuba suka faɗa rami kafin Zariya. Direban ya tashi, mu gawa aka kawo mana. Kowa a tashar ya san yana sha, ba wanda ya iya faɗa saboda kunya da gudun raba mutum da abincinsa. Da akwai gwajin nan, da ba sai wani ya buɗe baki ba. Ni dai a yi shi, har yaran motar a gwada.

Direban Gumel:
Allah ya jiƙansa, Maman Khadija, ya ba ku haƙuri. Na gode Malam, ranar Litinin in sha Allahu zan shiga asibitin Gumel, kuma ba zan ƙara sha ranar tafiya ba. Baba, mu 9 ne a wurin maigidan, na kira 4 sun yarda mu same shi bayan sallar Juma'a kan maganar direba na biyu. Malam, takardar da Turanci za a rubuta, ko ta Hausa ma ta isa?